Mélida da Jaririn San Antonio

A duk ƙauyenmu babu matsoraciya kamar Mélida, kuma ba da ƙiyayya na faɗa ba, don ni na riƙe ɗanta Radamés ranar da aka yi masa baftisma. Tun daga ranar muka daina kiran juna da suna, sai komadre, kamar yadda uwa da uwar baftisma ke yi. Tana tsoron tsawa, tana tsoron kwaɗo, tana tsoron allura. In ƙadangare ya faɗo daga rufi, bar masa ɗakin take yi. Amma babban dodonta teku ne, ga shi kuwa a bakinsa aka haife ta, a bakinsa ta yi aure, a bakinsa take neman abinci.

Kifi take soyawa da agade a wata rumfar ganyen kwakwa, kusa da inda masunta ke jawo kwalekwalensu. Mu sauran masu suya duk ruwa muke fuskanta, don mu hango wanda ya fara dawowa da kamu mu riga juna. Ita kaɗai ta juya kujerarta tana kallon titi. Mukan tsokane ta mu ce Mélida da teku ba sa ga maciji, sai ta yi murmushi ta ci gaba da juya kifinta. Ba ma matsa mata sosai, don kowa ya san ruwan nan ya ci ubanta tana yarinya, ya kuma ci mijinta Nicanor tana goyon Radamés. Na uban an samu gawa an binne. Na mijin hula kawai aka tsinto.

Haka ta raini yaron nan da baya ga ruwa. Ɗan bakin teku, amma sai da ya yi gemu bai iya iyo ba, abokansa na yi masa dariya. Da ya girma ya kama acaba, ita kuwa ta fi son ta ji ya ƙuje gwiwa a kwalta da ta ji ya jiƙa ƙafa. Yaro ne mai barkwanci. Yakan tsaya bakin rumfarta ya danna ƙaho har sai ta zabura, ya saci kifi ɗaya daga faranti, ya ce mini, ni uwar baftismarsa, "Madrina, ki gaya wa tsohuwar nan ta rage gishiri." Ni kuma in bi shi da ludayi ina ce masa ɓarawon banza.

A cocinmu, hagu da bagade, wato teburin ibada na gaba, akwai San Antonio, waliyyin da ake kai wa kukan abin da ya ɓata. Na katako ne, tsayinsa ya kai na yarinya mai tasowa, da doguwar riga ruwan ƙasa da igiya a ƙugu. A hannunsa na hagu yana rungume da Jariri Yesu, wanda aka sassaƙa daban aka kafa shi da ɗan turke. Kusan kowane gida ma akwai ƙaramin San Antonio a kan kanta. In zobenki ya ɓata, ko akuya ta ƙi dawowa, ko 'yarki ta daɗe ba manemi, sai ki zare jaririn daga hannunsa ki ɓoye a akwati, ki ce masa ba zai sake ganinsa ba sai ya nemo miki naki. In buƙata ta biya ki mayar masa, ki kunna kyandir, ku shirya. Iyayenmu sun yi, mu ma mun yi, rabi wasa rabi gaske. Duk Fadan da aka turo mana sai ya yi faɗa a kai har ya gaji. Amma na coci, babu wanda ya taɓa ko tunanin taɓa shi.

Shekarar da kamu ya yi ƙasa, samari suka fara zancen tsallake teku zuwa tsibirin Puerto Rico neman aiki. Wata safiya Mélida ta tashi ta tarar da babur ɗin Radamés a jingine a tsakar gida, makullin a kan tebur kusa da kofin shayinta. Kafin rana ta take labari ya bazu: kwalekwale ya tashi daga bayan dutse cike da mutane, akwai 'yan ƙauyenmu da dama a ciki. Radamés, wanda bai iya iyo ba, yana cikinsu.

Waɗanda suka isa lafiya sukan bugo waya. Waɗanda aka kama a hanya akan dawo da su a jigace, su sha zagi su ci abinci. Wannan kwalekwalen kuwa shiru, ba waya, ba gawa, ba ko katako ɗaya da ruwa ya turo. Mélida ta yi addu'ar kwana tara a gaban San Antonio, ta gama ta sake ɗaura wata. Ta rame har zobenta na aure ya koma babban yatsa. San Antonion gidanta na siminti ne, an zuba shi tare da jaririn a haɗe, na ga inda ta ƙwaƙule shi da wuƙa har fenti ya ɓare, bai ciru ba.

Wata ranar Talata da tsakar rana, lokacin da gari ke kwance saboda zafi, ta zo ƙofata ta tsaya ba ta yi sallama ba. Leɓenta ya bushe. Ta kama hannuna ta ja ni har ɗakin Radamés, ta rufe taga, ta ɗage mayafin gadonsa. Ga Jariri Yesu na coci kwance a kan filo, da 'yan yatsunsa biyu a ɗage, an sa masa farar rigar baftisma mai leshi. Na gane rigar, don ni na ɗinka wa Radamés ita.

Na zauna a ƙasa.

"Komadre, me kika yi?"

"Na gaya wa San Antonio," in ji ta. "Na ce ya kawo mini nawa, in ba shi nasa."

Na zage ta, ba zan ɓoye ba. Na ce mata mahaukaciya, na ce matar da ke gudun ƙadangare ce yau ta shiga ɗakin Allah ta yi fashi da rana tsaka. Na ce ta tashi mu mayar tun kafin a buga ƙararrawar yamma. Ta ce ta riga ta gwada. Tun a hanya ta juya sau biyu, ƙafarta ta ƙi. In ta mayar, San Antonio zai ga ba da gaske take ba, ya daina nema. In kuma ta riƙe, ai wannan ba ɗan San Antonio ba ne, Ɗan Allah ne, kuma in fushi ya tashi ba a kanta zai sauka ba, a kan wanda ke tsakiyar ruwa zai sauka. Ta dube ni ta tambaye ni wanne za ta zaɓa.

Da yamma gari ya ɗauka. Wasu suka ce masu sayar wa baƙi kayan tarihi ne, wasu suka ce wani mashayi ne ya yi aika-aika. Fada Leoncio ya sa aka duba bayan bagade da cikin akwatunan kaya. Ranar Lahadi kowa ya shigo sai idonsa ya tafi hagu. San Antonio na tsaye yadda yake, kansa a sunkuye yana kallon hannunsa da ya lanƙwashe, babu komai a ciki sai ramin turke. Na sha ganin gawa ban ji tsigar jikina ta tashi haka ba.

Daga nan rayuwar Mélida ta koma fargaba zalla. Ba ta ƙara karɓar Jibi Mai Tsarki ba, gurasar da Fada ke rabawa a coci, in an tashi layi sai ta sunkuyar da kai. A coci ta koma zama can dama, bayan ginshiƙi, inda ba za ta hangi hannun ba. In hadari ya haɗo sai ta bar kifi a wuta ta ruga gida ta rufe Jaririn da bargo, wai kada ya ji sanyi a kai ƙararta. Kullum da safe tana goge masa fuska da auduga, ta ajiye masa ɗan kofin madara, ta ba shi haƙuri ta ce ba da shi take ba. Kyandir ya mutu da kansa, ta ce alama ce. Kare ya yi kuka a bayan gida, ta ce alama ce. Wata rana fenti ya ɗan ɓare a dugadugin Jaririn, ta zo mini tana tambaya ko a ƙafa Radamés ya ji ciwo. Na ce mata ɗanshi ne kawai ya ci fentin, amma ni ma ranar ban iya cin abinci ba.

Fada Leoncio mutum ne mai sanyin hali, ɗan birni, ba ya son ganin mutane a firgice. Da ya ga mata sun fara cewa waliyyi ya yi fushi da gari, shi ya sa ba kamu, sai wata Lahadi ya tsaya a kan maganar a cikin wa'azinsa. Ya zaro hoton mahaifiyarsa daga aljihu ya ɗaga. Ya ce yakan sumbaci hoton nan, amma bai taɓa zaton takardar ce ta haife shi ba. Haka siffar waliyyi take: katako ne da fenti, girman da muke ba ta yana wucewa ne zuwa ga wanda take tuna mana. Sujada ta Allah ce shi kaɗai. Waliyyai kuwa 'yan'uwanmu ne da suka riga mu isa, muna roƙonsu su taya mu roƙo, kamar yadda za ka ce wa maƙwabcinka ya sa ka a addu'a. San Antonio yana gaban Allah, ba a cikin itacen nan yake ba, kuma Yesu ba wanda ya isa ya kulle shi a akwati. Sai ya tausasa murya ya ce duk wanda ya ɗauka ya kwantar da hankalinsa, ya dawo da shi ba tare da tsoro ba, guntun katako ne kawai a hannunsa.

Don ya sanyaya zukata ya faɗa, kuma da yawa sun ji sanyi. Ni kuwa Mélida nake kallo a bayan ginshiƙinta. Da aka tashi ta riƙe ni a bakin ƙofa, farcenta har ya shige mini fata.

"Komadre, in katako ne, to me ke hannuna?"

Ban taɓa ganin tsoro irin na ranar ba. Da, tana tsoron fushin Allah, amma aƙalla tana ganin akwai igiyar da ta riƙe, wadda ɗaya bakinta ke wurin ɗanta. Yanzu an ce mata igiyar ba ta ɗaure da komai.

Bikin San Antonio na watan Yuni ya matso, ranar da ake ɗaukarsa a kafaɗa a zaga gari har bakin ruwa ya albarkaci kwalekwale. Fada ya ce ba za a fita da waliyyi hannu wofi ba, ya aika wa wani masassaƙi a birni ya yi sabon jariri. Da labarin ya iso rumfarmu, Mélida ta saki cokali cikin mai. Ta ce in aka ba shi wani, shi ke nan, ya samu nasa, me zai sa ya ƙara neman nata? Ta kuma ce, a hankali, ashe haka ake yi, in ɗa ya ɓata sai a sassaƙo wani a kafa a ramin.

Ni na ja ta zuwa wurin Fada, ana jibi biki, bayan ta gama suyar safe. Mun same shi yana shan kofi a baranda. Ta durƙusa ta faɗi komai, tana kallon takalminsa. Bai yi faɗa ba. Ya ce ya yi zargin haka tun ranar da ta daina zuwa layin Jibi. Ya ce mata San Antonio bai jira an ƙwace masa komai ba kafin ya roƙa wa Radamés, kuma ba zai daina ba don an mayar.

"Fada, ka tabbata?" in ji ta.

"Na gaskata da haka, doña Mélida, da dukan zuciyata."

"To zai dawo?"

Ya ajiye kofin. "Wannan ban sani ba. In na ce miki na sani, ƙarya na yi."

Ya ce ba zai aiko a karɓa ba, ba kuma zai faɗa wa kowa ba. Sabon jaririn ya iso, yana cikin kwali a ɗakin ajiya. Zai bar hannun a buɗe har a kai bakin ruwa, in ba ta zo ba, a can zai kafa sabon a gaban jama'a. A hanyar gida ina jin haƙoranta suna haɗuwa, ga rana kuwa tana dukan mu.

Ranar biki aka fito da ganga da kyandirori da 'yan burodin da ake rabawa don waliyyi. Maza suka ɗauko shi a kan katako an kewaye shi da fararen furanni, yana tafe yana rangaji, hannun nan a lanƙwashe babu komai. Fada na gaba, kwali a hammatarsa. Na duba rumfar Mélida, ba ta nan, wutarta ma a kashe. Na ce a raina ta kulle kanta a ɗaki, kuma ban ga laifinta ba.

Aka sauke shi a kan yashi, fuskarsa ga teku. Fada ya yi addu'a, ya yayyafa ruwa a kan kwalekwale, ya waiwaya ya dubi titi. Ba kowa. Ya buɗe kwalin ya fito da sabon jaririn, jajir da shi yana ƙyalli, ko warin fenti bai bar shi ba. Sai na ga mutane suna darewa ta baya.

Mélida ce, da baƙar rigarta ta zuwa coci, ta rungumo abu a ƙirji cikin farin leshi. Tunda nake da ita ban taɓa ganin ta tako yashin nan da fuskarta ga ruwa ba. Tana tafe tana tangaɗi, idonta a kan waliyyi don kada ta kalli abin da ke bayansa. Ganga ta tsaya. Na jira a yi ihu, a ce ga ɓarauniya. Ba wanda ya yi ihun, ba wanda ma ya yi mamaki. Ta iso, ta ɗaga Jaririn da hannu biyu.

"Kada ki ba shi, Mélida!"

Doña Digna ce, mai wanki, wadda 'ya'yanta biyu ke cikin kwalekwalen da Radamés ya shiga. Ta ratso jama'a ta faɗi a kan gwiwoyinta ta kama gefen rigar Mélida. Tana kuka tana cewa ta ƙara riƙe shi ko kaɗan ne, ai bai kawo su ba tukuna. Bayanta wasu mata suka matso, duk iyayen waɗanda suka tafi, idonsu na roƙon abin da Digna ke roƙo. A nan na gane ashe duk sun sani. Sun ga inda take rugawa in hadari ya taso, sun yi shiru, don su ma da igiyarta suke rataye.

Mélida ta tsaya da Jaririn a sama. Ta dubi Digna, ta dubi jan jaririn da ke hannun Fada, ta dubi ramin turken. Na yi zaton za ta juya da gudu. Sai ta matsa, ta lalubi ramin, ta zaunar da shi, ta gyara masa riga yadda ake gyara wa yaro in za a miƙa shi ga wani. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma wurin ya yi tsit har na ji.

"Ga shi nan. Ban bar shi ya ji sanyi ba ko sau ɗaya. Duk inda nawa yake, a ruwa ko a tudu, ka roƙa mini a riƙe shi haka."

Digna ta kifa fuska a yashi. Fada ya mayar da sabon cikin kwali ya rufe. Ni na kama Mélida kafin ta faɗi, jikinta sanyi ƙalau kamar an tsamo ta daga ruwa.

Ba a cire wa Jaririn rigar ba, har yau ita ce a jikinsa, in ta yi datti a wanke a mayar. Mélida ta koma layin Jibi ranar Lahadi. Washegari ta zo rumfa ta ɗaga kujerarta ta juya ta ga teku, kuma haka ta zauna sauran shekarunta, tana suya tana ɗaga kai duk lokacin da inji ya yi ƙara daga nesa. Tsoron bai sake ta ba. In igiyar ruwa ta yi tsalle sai ta runtse ido, amma ba ta ƙara juya baya ba. Digna ta daɗe ba ta gaishe ta, daga baya suka shirya, har sukan zauna tare su kalli ruwa. Labarin kwalekwalen bai taɓa zuwa ba.

Da ciwon ajalinta ya kwantar da ita, ni nake jinya. Fada ya zo ya shafa mata mai, ta amsa addu'o'in duka da bakinta, har ta ce masa ta san waliyyi bai taɓa daina roƙo ba. Ya tafi yana murna. Bayan fitarsa na ɗumama mata romon kifi, na ɗago kanta ina ba ta a cokali. Ta sha kaɗan, ta riƙe wuyan hannuna, idonta ya cika da irin tsoron nan da na sani tun muna 'yan mata.

"Komadre," in ji ta, "da na ƙara riƙe shi ko mako ɗaya fa?"

Na buɗe baki in zage ta kamar yadda na saba, zagin ya ƙi fitowa. Na goge mata baki, na ce ta ƙara cokali ɗaya kafin ya huce.